Na Daburce a Intabiyu, Shin In Ce Na Fasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Bara na gama bautar ƙasa. Makon jiya na je intabiyu a wani kamfani a Kano, suna neman akanta. Aka tambaye ni nawa ne harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya da ayyuka, abin da na sani sarai, amma kaina ya ɗaure, na yi ta inda-inda har gumi ya jiƙe mini riga. Da zan fita kuma ɗayansu ya ce duk wanda aka ɗauka sai ya ajiye asalin takardar digirinsa a wurinsu. Kunya ta ishe ni. In tura musu saƙo na fasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kashi 7.5 cikin 100 ne tun 2020, kuma na tabbata kana hawa Adaidaita Sahu amsar ta faɗo maka. Haka take yi wa kowa.

Wannan daburcewar ba dalilin janyewa ba ce. Na daɗe ina zama a ɗaya ɓangaren teburin, bari in gaya maka abin da ke gabanmu: takardar ba da maki, kowace tambaya da nata gurbin. Ka faɗi ɗaya, makin ɗaya ka rasa. Bayan ka fita ma ba gumin rigarka muke tattaunawa ba, kwatanta ka muke da waɗanda suka shigo kafin kai, kuma a cikinsu akwai wanda ya fi ka rikicewa. Kai kanka kawai ka gani, mu mun ga kowa. In ka janye don kunya, ka yanke wa kanka hukuncin da ba a kai ga yankewa ba, ka kuma sauƙaƙa wa na bayanka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ka ambata a gurguje, kamar ba komai ba. Riƙe asalin takardar digiri. Kamfani na da damar ganin ta, ya ɗauki kwafi, ya tuntuɓi jami'arka don tantancewa. Amma ya kulle ta a durowa? Wannan dabaibayi ne, don ranar da albashi ya yi wata uku bai fito ba ka kasa tafiya. In kuma ta ɓata a hannunsu, kai za ka sha zirga-zirgar neman madadinta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Duk da haka kada ka tura komai yanzu. Jira su kira. In sun kira, ka je ka yi tambaya cikin ladabi: maganar takardar nan ƙa'idar kamfani ce a rubuce, ko faɗar mutum ɗaya ce? Nawa ne albashin, kuma za a ba ka takardar ɗaukar aiki kafin ka fara? Ana zuba fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikaci kashi 8. Ka lura da fuskokinsu lokacin da kake tambayar.

In suka dage kan takardar, ka janye, layi biyu sun isa: ka gode da damar da aka ba ka, ka ce ba za ka ci gaba ba. Ban da wa'azi, ban da habaici a Facebook. Masu ɗaukar ma'aikata a Kano sun san juna, kuma mutumin da ya yi maka tambayar VAT kana iya tarar da shi a teburin wani kamfani baɗi.