Ɗura maganin tsutsa duk wata yana cin ribar turka

Tambaya: Ina turka raguna da 'yan bijimai don Babbar Sallah, daga kasuwar Maigatari nake sarowa. Duk wata nakan ɗura musu farin maganin tsutsa gaba ɗaya, amma bana wasu sun ƙi ƙiba, ga maganin ya yi tsada. In ƙara yawan ɗurawa ne ko in sauya magani?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kada ka ƙara, ragewa ma za ka yi. Duk ɗurin da ka yi, tsutsotsi masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin rai su rage su hayayyafa. Idan kuma da ido kake kintata nauyin rago, ko kana tsuke hannu don kwalba ta kai, to da kuɗinka kake horar da tsutsa. Ka auna nauyi, ko ka ɗura daidai da na mafi girma a cikinsu.

Sauya kwalba ba sauya magani ba ne. Yawancin farin maganin nan albendazole ne, sunan kamfani kawai ya bambanta. Levamisole da ivermectin su ne wasu dangi daban. Ka duba lambar NAFDAC, jabu ya yi yawa.

Wurin da ya kamata ka kashe kuɗi shi ne ranar shigowa. Sabon rago a ɗura masa cikakken magani, a ware shi kwana 2 a busasshen wuri, a kwashe kashinsa. Daga nan, dabbar da ke turke tana cin harawa da dusa a kwano ba ta cika sake ɗaukar tsutsa ba, domin a ɗanyar ciyawa take, musamman da damina.

Bayan haka sai wanda ya nuna alama. Duk mako 2 ka ja fatar idon rago ta ƙasa: ja jawur lafiya, fari-fari jini ya ragu, haka ma kumburi a ƙarƙashin haɓa. Wannan dabarar raguna ce, ba a dogara da ita a shanu. Su bijimai, idan an yi kiwonsu a fadama, ciwon hanta za ka fi zargi, kuma ivermectin shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta.

Waɗanda suka ƙi ƙiba ɗin nan, ka kai kashinsu asibitin dabbobi a ƙirga ƙwan tsutsa kafin ɗuri, a sake bayan kwana 14. Idan ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba, maganin ya daina yi maka aiki. Idan tun farko babu ƙwai sosai, ka koma kan abinci, haƙori da kaska.

Ɗuri na ƙarshe kuma ka lissafa shi da ranar yanka. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci naman.