Amsa ga Hajiya kan Yayanta da ke gidan kula da tsofaffi a Amurka

Hajiya, Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a Amurka, ƴaƴansa sun kai shi gidan kula da tsofaffi, kina tambaya ko akwai mai sa ido a kan irin gidajen nan. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗaya daga cikinsu kafin in dawo Damagaram, kuma na san abin da ke cin ranki. Mu nan in namu ya kwanta a babban asibiti, mu ne da shimfiɗa tabarma a gefensa, mu ne da kunu, mu ne da wanka. Can kowa yana wurin aiki.

Akwai masu sa ido, kuma ba wasa suke ba. Tun dokar 1987, duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato tsare-tsaren gwamnati na biyan kuɗin jinyar tsofaffi da marasa ƙarfi, dole ma'aikatan jiha su bincike shi, ba a wuce wata 15 tsakanin zuwa da zuwa. Ba sa sanarwa, wani lokaci ma da asuba ko ranar hutu za a gan su a ƙofa. Sukan yi kwanaki. Na ga wata mai bincike ta tsoma ma'aunin zafi cikin miya, ta bi mai rabon magani ɗaki ɗaki tana ƙirga ƙwayoyi, sannan ta ja kujera ta zauna kusa da wani tsoho, ta sallame mu, ta tambaye shi ko ana yi masa tsawa.

Kowane laifi ana ba shi harafi daga A zuwa L. In ya kai J, K ko L, rai na cikin haɗari ke nan, kuma in ba a gyara cikin kwana 23 ba, gwamnati ta yanke hulɗa da gidan. A sauran laifuka akan ba gidan kwana 10 ya kawo tsarin gyara a rubuce. Akwai tara, akwai hana biyan kuɗin sabbin majinyata, kuma wannan shi masu gidajen suka fi tsoro.

To amma Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. A gidan da na yi aiki, da zarar masu bincike sun shigo labari ya zagaye ko'ina, sai ki ga ma'aikata sun cika wuri, har manya na ofis sun fito suna ba tsofaffi abinci a baki. Suna tafiya mu koma ƴan kaɗan da dare, ɗakuna birjik. Akwai wata tsohuwa da har yau take cikin raina. Ya kamata a riƙa juya ta duk bayan awa 2, hannu bai isa ba, sai gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu. Ɗiyarta ce ta ɗaga zane ta gani, ta kai ƙara hukumar lafiya ta jiha. Masu bincike suka dawo musamman saboda ita, kuma ba su faɗi sunan mai ƙarar ba. Na yi kuka ranar, don na sha faɗa wa na sama da ni, ba a ji ba.

Ki kira yaran yau. Su nemi rahoton binciken ƙarshe, takarda ce mai lamba 2567, doka ta ce a ajiye ta inda kowa zai iya karantawa. Taurari 1 zuwa 5 da gwamnati ke ba gidajen tun 2008 suna shafin intanet na Medicare, sai dai karanta rahoton ya fi ƙirga taurari. Akwai kuma wakilin majinyata da ake kira ombudsman, kyauta yake aiki, lambarsa na manne a bango. In ana hana Yaya abincin halal ko ba a taimaka masa ya yi salla, shi za a kira, don haƙƙinsa ne.

Kuma kada su riƙa zuwa ranar Lahadi kaɗai. Su faɗo da dare, su faɗo lokacin cin abinci. Su duba ko ƙararrawar kira tana inda hannunsa mai lafiya zai kai, su cire masa safa su kalli dugadugansa, su juya shi su ga bayansa da idonsu.