Rigar takalmi ba a yanka ta da lamba

Ɗana, tambayarka ba ta ƙiuya ba ce, shi ya sa ban amsa maka a tsaitsaye ba. Cewa ka yi tunda kowane takalmi da lambarsa a ƙasa, me zai hana mu yanka kwali ɗaya na 38, ɗaya na 39, ɗaya na 40, mu rataye a ƙusa, duk wadda ta kawo takalmi a yi masa riga sai mu ɗora kwalin a kan yadi mu yanka? Ka ce naɗe-naɗen salatif ɗin da nake sa ka yana cin lokaci, ga Disamba ta ƙarato, aikin anko zai yi mana yawa.

To, lambar nan tsawo kaɗai take faɗa maka. Irin ta Turai da muka saba da ita, tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku ne na santimita, lamba uku ke ba da santimita 2. Idan ka ga 39, an gina takalmin ne a kan las, wato gunkin ƙafar da ake ƙera takalmi a kansa, mai tsawon wajen santimita 26. Iyakar saninta ke nan. Ba ta san hancin mai tsini ne ko mai faɗi ba, ba ta san inda bakin ya tsaya a kan yatsu ba, ba ta san tsayin dunduniya ba. Kuma wa ya ce maka masu ƙera takalma sun yarda da juna? Ɗauko 39 na Aba, ka ɗauko 39 na Italiya daga gwanjon Katangowa, ka haɗa da na Sin da ake zubawa a kasuwar Balogun ta nan Ikko, ka jera su a kan teburin nan. Idonka ma zai ba ka amsa kafin ka taɓa tef.

Ka fara gane irin aikin da muke yi. Akwai masu shafa gam su manna atamfa a jikin takalmi, aikinsu ne, kuma yana da kyau idan hannu ya faɗa. Amma ranar da aka manna, takalmin ya zama na wannan atamfar har ya mutu. Mu kuwa wadda take zuwa wurinmu mace ce mai baƙin takalmi guda mai kyau, ta saye shi da tsada, ga biki kusan kowace Asabar a garin nan, yau a Agege, mako mai zuwa a Idi-Araba, kowanne da ankonsa. Tana son ta sa wa takalmin riga da safe, ta tuɓe masa da dare, gobe ta tafi ofis da shi baƙi wuluk yadda yake. Babu gam ke nan. To me ke riƙe rigar? Ɗamewa. Ita kaɗai. Tela idan ya ƙara inci guda a babbar riga ba mai ganewa. Kai idan ka ƙara rabin santimita a nan, hanci zai tattare, diddige ya saki, tun daga ƙofar ɗakin taro za a hango. Idan ka rage kuma, sai baƙin fatar ta riƙa leƙowa ta gefen sol. Tsakanin yawa da ƙaranci wurin tsayawa ɗan ƙanƙane ne, kuma takalmin da kansa ne kawai zai nuna maka shi.

Shi ya sa nake sa ka fara cusa takarda a ciki har ya cika ya tsaya kamar da ƙafa a ciki. Takalmin da ba a cusa ba yana lotsawa, ka ɗauki awon lotsewa, mai shi ta saka ƙafa riga ta ƙi rufewa. Sai ka lulluɓe shi da leda mai laushi don kada salatif ya ɓare masa fenti, musamman mai ƙyalli. Salatif kuma na takarda, irin na masu fenti, ba na roba ba, don na roba yana miƙewa a hannu sannan ya koma, ya yi maka ƙaryar awo. Ka shimfiɗa zubi na farko daga hanci zuwa diddige, kowane layi ya hau rabin ɗan'uwansa, na biyu kuma ka gitta. Sannan biro. Ka zana bakin takalmi, ka zana inda fata ta haɗu da sol, ka ja layin tsakiya a gaba da baya. Layin tsakiyar nan shi kake yi wa gaggawa, na lura, alhali shi ne alƙiblar aikin duka. Idan ya karkace da kaɗan, furen da ka so ya zauna a kan hanci zai koma yana kallon ƙaramin yatsa.

In ka tsaga da reza, a hankali, ka ɓare, ka zo shimfiɗa shi a kwali, za ka ga ya ƙi kwanciya. Kada ka danne shi da ƙarfi. Ka tuna ɓawon lemo: duk yadda ka so ka baje shi a faranti sai ya tsage, domin a kan abu mai zagaye ya girma. Haka wannan. Sai ka yi masa 'yan tsage-tsage a gefe, wajen hanci da wajen diddige, har ya kwanta da kansa. Ka dubi tsagogin nan da kyau, don su ne karatun. Inda tsaga ta buɗe baki, can yadi zai yi yawa, sai an tsuke. Inda gefen tsaga ya hau kan ɗan'uwansa, can yadi zai nemi ja. Kwalin lamba da kake so mu rataye ba zai taɓa gaya maka wannan ba.

Sannan ɓangaren ciki da na waje ba ɗaya ba ne. Na ciki yana da rami a wajen tsakiyar tafin ƙafa, na waje a miƙe yake. Kada ka ninka kwali biyu ka ce ai rabi ya isa. Na hagu da na dama kuwa, kwali ɗaya ne, kifa shi kake yi, amma ka rubuta a jiki wace fuska ce ta wace ƙafa kafin ka ɗauki almakashi. Ragowar yadin da mata ke kawowa daga wurin tela ba ya ɗaukar yanka biyu. Ka bar ƙarin santimita ɗaya a kewaye don ɗinki, bayan an ɗinka ka rage shi, ka ɗan tsattsaga a kwana don kada ya yi tudu.

Yanzu yanka. Ko da kwalinka ya fita daidai, idan ka ɗora shi a miƙe a kan atamfa ka ɓata. Atamfa auduga ce saƙaƙƙiya, zaren tsaye da zaren kwance. Ja ta tsawonta, ba ta motsi. Ja ta faɗi, da ƙyar. Amma kama kusurwa da kusurwa ka ja, sai ka ga ta ba da kai. Wannan karkacewar muke nema. Ka ninko kusurwar yadin har gefen yanka ya hau kan gefen saƙa, layin ninkin nan shi ne hanyarka, a kansa za ka ɗora layin tsakiyar kwali. Yadin da aka yanka haka yana bin lanƙwasar hanci ya kwanta luf, ba tattara. Yana cin yadi fiye da yankan miƙe, gaskiya ne, kuma za ka sha ƙorafi. Wata za ta zo da ɗan ƙyalle kamar tafin hannu ta ce ai takalmi ƙarami ne. Ka ce mata Hajiya a ƙaro, ko a nemo rabin yadi. Wadda ta sayi turmi mai yadi 6 ba za ta rasa ba idan ta tambayi telanta tun kafin ya share shago.

Amma kafin duk wannan, wanki. Sabuwar atamfa cike take da sitaci, a tsaye take ƙiƙam, ta ruɗe ka. Ranar da ruwa ya taɓa ta sai sitacin ya fita, audugar ta ɗan tsuke, rigar da ta zauna jiya yau ta ƙi shiga. Jiƙa ta, shanya, goge, sannan ka yanka. A nan ne kuma za ka gane mai zuba. Adiren Abekuta da rinin baba irin na Ƙofar Mata duk suna iya barin shuɗi a jikin farin takalmi, kuma idan ya kama fatar takalmi da wuya ya fita. Irin waɗannan dole ka yi musu shafi da farin yadi mai laushi. Ni dai ko mai zuba ne ko ba mai zuba ba, ba na sakin riga babu shafi, don shi ne ke hana ɗinki goge fatar takalmi. Shi ma a karkace za ka yanka shi, in ba haka ba ya riƙe na saman ya hana shi miƙewa.

Ashoke shi ne mai taurin kai. Ka san a siraran ƙyallaye masu tsawo ake saƙa shi, irin na garin Iseyin, sannan a harhaɗa, ga kauri, ga warwarewa da zarar almakashi ya shiga. Ba ya son karkace sosai. Shi sai ka manna masa yadin nan mai gam a baya da dutsen guga tukuna, ka bi baki da wibin, ɗinkin da ke hana baki warwarewa, nan take, kuma ka raba rigar gida biyu ko uku maimakon ka tilasta masa zagaye hanci da yanki guda. Idan mai ɗauke da zaren ƙyalli ne, kada ɗinkin haɗi ya faɗo inda babban yatsa ke lanƙwasa, zai karce fatar takalmin. Leshi kuma akasin haka: yana miƙewa fiye da kima, ga ramuka, launin takalmi na fitowa ta ciki. Wani lokaci hakan ma ya fi kyau, baƙin takalmi a ƙarƙashin leshi ruwan zinare. Tambayi mai shi. Shadda ba ta da wahala, sai dai guga mai zafi na dusashe mata ƙyalli.

Duwatsu da fulawa da sauran tarkacen ado ba sai na koya maka ba, idonka ya fi nawa a nan. Ka dai ɗinka su, kada ka dogara da gam, kuma ka nisantar da su daga gefen ciki inda ƙafa ke gogar ƙafa.

Abin da nake so ka ɗauka da nauyi shi ne ƙasan takalmi. Robar nan mai talewa da muke ɗaure rigar da ita tana ratsawa ne ta ƙarƙashi, ta wannan ramin da ke tsakanin tafin gaba da dunduniya, inda sol ba ya taɓa ƙasa. A takalmi mai tsini ramin yana da faɗi, roba na zaune lafiya. A baya kuma ka yi madauki ya zagaye gindin tsinin. A gaba, ɗan aljihu siriri ya kama leɓen hanci, iyakarsa ke nan. Kada ka kuskura ka bar yadi ya shiga ƙarƙashin inda ake takawa. Ɗakunan biki na Ikko tayil ne mai santsi, ga ruwa da lemo na zuba, ga mace a kan tsini tana rawa ana yi mata liƙi. Yadi a kan tayil sulɓi ne. Gara a ga siririn layin sol ɗin asali da a ce aikinka ne ya kayar da uwar amarya. Kuma ka ga wannan ramin ma bai da alaƙa da lamba: tsinin inci 2 da na inci 4 duk 39 ne, amma yadda bayan takalmin ya tashi, da tsawon robar da zai ci, sun sha bamban.

Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda babu rami, roba za ta riƙa cin ƙasa, kafin a tashi biki ta tsinke. Kambas ma haka. Irin waɗannan ko dai ka yi musu ado na sama kawai da ake ɗaurawa a igiya ko a maɗauri, ko ka gaya wa mai shi gaskiya cewa nata na gam ne. In aikin gam ya kama, a waje za ka yi shi, a shafa fuska biyu a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa sannan a haɗa, kuma nesa da janareto da dutsen gawayi, don tururinsa na kama wuta.

Inda shawararka ta yi daidai shi ne ajiya. Kwalin da ka fitar daga takalmin mace, kada ka yar. Rubuta lambar wayarta da kamannin takalmin a jiki, ka huda, ka rataye a ƙusar da kake so ɗin. Anko na gaba ba sai ta kawo takalmi ba, yadi kawai za ta aiko da mai acaba ko ɗan aike, ta huta da cunkoson Oshodi, kai kuma cikin awa guda ka gama. Haka idan ƙawayen amarya suka sayi takalmi iri ɗaya a shago ɗaya, a nan kam kwali ɗaya na kowace lamba ya wadatar, tunda las ɗinsu guda. Amma wadda ba mu taɓa riƙe takalminta ba ta turo hoto a WhatsApp ta ce arba'in take sawa a yi mata kafin Juma'a, ba ka karɓi aikin ba sai takalmin ya iso.

Ka kuma riƙa gaya musu yadda za su adana. Damina a nan ba irin ta gida ba ce, tun Afrilu ake tafkawa har Yuli, a ɗan sarara a Agusta, a dawo. Danshi bai barin komai. Rigar da aka bari a jikin takalmi cikin leda, mako biyu ya isa fumfuna ta cinye ta ta kama fatar. A cire bayan biki, a wanke da hannu, a shanya a inuwa. Kuma a jaka ake zuwa da ita, sai an sauka daga mota a saka, ba a tsallake kwatar Mile 12 da ita ba.

Gobe in Allah ya kai mu, in ka dawo daga Mushin da roba mai faɗin rabin inci da salatif ɗin takarda, akwai takalma biyu a ƙarƙashin tebur da aka bar mana tun bara ba a zo ɗauka ba, duka 39. Ka fitar da kwalin kowanne, ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ka nuna mini. Sannan ka ɗinka wa mai tsinin riga da tsohuwar atamfar da ke cikin buhu, ka kai wa matar mai shagon kusa ta saka, ta hau matakalar bene ta sauko sau uku. Ka tsaya a bayanta ka kalli diddigen, ba hancin ba.