Kuɗin ƙungiya da na gudummawa: kada ka haɗa su

Malam, ka ce an zaɓe ka ma'ajin reshen ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe a Katsina, kana tambayar yadda za ka riƙe kuɗi da abin da za ku kai zaman ciniki da kamfani.

Fara da raba asusu. Kuɗin wata da ake cirewa daga albashi daban, gudummawar rasuwa, jinya ko suna daban, kowanne da littafinsa da rasit. Yawancin rigima daga nan take tashi: a ranto na gudummawa a yi hidimar taro, ranar da aka yi rashi a tarar babu ko sisi. A banki, sa hannun mutum biyu, kai da shugaba ko sakatare. Duk wata ka karɓi jerin sunayen waɗanda aka cire wa kuɗi, ka gwada da abin da ya shigo. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana kashe kuɗin wata a siyasa in ba ƙa'idojin ƙungiyar ne suka yarda ba, sai ka kiyaye, balle lokacin zaɓe.

Wajen ciniki, kada ku tsaya kan albashi kawai. Mafi ƙarancinsa a dokar ƙasa naira 70,000 ne a wata tun 2024. Ku sa kuɗin aikin dare, alawus na zafin wuta, takalma da safar hannu. Duk abin da aka amince a rubuta, a sa hannu da kwanan wata.