Fiza a filin jirgin Roma kafin tashi

Malam kace kanada awa 2 a Fiumicino kafin jirginka ya tashi, kana tambaya ko zaka samu fiza da sauri kuma wadda musulmi zai iya ci. Eh zaka samu, amma dan Allah ka fara wuce bincike da wajen duba fasfo tukuna, dan layin nan wani lokaci sai a hankali, in ka shiga ciki sai ka ci hankalinka kwance.

Ka nemi wadda suke cewa pizza al taglio, a faranti mai faɗi take, ka nuna da yatsa su yanko maka su ɗumama, minti 5 ka gama. Ni margherita nake ɗauka, tumatir ne da cukun mozzarella da ganyen basil kawai. Duk inda kaga prosciutto ko salame ko diavola to naman alade ne, ka kiyaye. Kuma ka tambaya ko da strutto a kwaɓin, kitsen alade kenan, wasu na sawa.

Wasu wuraren sai ka biya a kanta tukuna ka miƙa rasit. Tsada kam akwai, filin jirgi ne ai.