Amsa ga mai tambayar yadda ake faɗin sunayen tabar siga na Sifaniyanci

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka samu aiki a shagon wani otal a ƙasar waje inda ake sayar da siga, wato naɗaɗɗiyar tabar nan mai kauri da ake yi da ganye zalla, kuma duk sunan da ka kira sai baƙo ya ce ka maimaita. Allah ya sanya albarka a neman. Ni ba mashayi ba ne, ban kuma ba kowa shawarar ya fara ba, domin illarta ga baki da maƙogwaro da huhu sananniya ce. Amma na yi karatu a Kyuba, na sha raka baƙi shagunan taba a Habana, babban birnin ƙasar, ina yi musu tafinta, don haka sunayen nan sun daɗe a kunnena.

Matsalarka ɗaya ce: kana karanta Sifaniyanci da idon Turanci. Ka ajiye Turancin gefe, ka karanta sunan kamar rubutun boko na Hausa, rabin aikin ya ƙare. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ba sa sauya murya. Robusto, corona, maduro, claro, oscuro, duk yadda ka gan su haka za ka faɗe su, sai dai c ɗinsu a gaban a, o, u da baƙi k ce: korona, klaro, oskuro. A gaban e ko i kuwa s ce a bakin mutanen Kyuba da Nikaraguwa, shi ya sa lancero, siririyar nan mai tsawo, ake cewa lan-SE-ro (gaɓar da na rubuta da manyan haruffa ita ake dannawa), mai naɗa taba kuma, torcedor, tor-se-DOR. Sautin c tamu ta "ciki" da "cokali" su da ch suke rubuta shi.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne h da j, domin sun yi musayar aiki. H ba ta da murya sam. J kuma ita ce ke fita kamar h tamu. Ka ɗauki sunaye biyu ka haddace, sun ishe ka: Hoyo de Monterrey ta Kyuba, wadda José Gener ya kafa a 1865, da Joya de Nicaragua da aka fara a garin Estelí a 1968. Ta farko "Oyo" ce, kamar dai jihar Oyo. Ta biyu "Hoya". Mai h ba a jin h, marar h ita ake ji da h. Daga nan sauran sun zo da sauƙi. Cohiba ko-I-ba ce, ba Kohiba ba. Habanos, sunan kamfanin da ke fitar da tabar Kyuba zuwa duniya tun 1994, a-BA-nos. Hatimin da ke ƙasan akwati, Hecho en Cuba, E-co en KU-ba, da c irin tamu a kalmar farko. Romeo y Julieta kuwa, da aka kafa a 1875, ro-ME-o i hu-LYE-ta ce. Y ɗin da ke tsaye ita kaɗai "i" ake faɗinta, ma'anarta "da". Idan baƙonka ɗan Madrid ne za ka ji j ɗinsa ta fito daga maƙoshi kamar harafin kha na Larabci, ya kuma sa harshe tsakanin haƙora wajen ce da ci. Kada wannan ya ruɗe ka. Tabar ba a Madrid ake noma ta ba, lafazin Kyuba ya wadatar.

G ma tana da nata halin. A gaban e da i tana komawa h, saboda haka ligero, ganyen saman itacen taba wanda ya fi ƙarfi, li-HE-ro ne. In suna son g ta gaske a wurin sai su cusa u wadda ba a faɗa, kamar Vegueros, be-GE-ros. Haka qu: k ce kawai. Ll biyu y ce, Ramón Allones a-YO-nes. Ñ mai rawani ny ce, añejado a-nye-HA-do, wato wadda aka ajiye ta daɗe. In kana zuwa gidan kallon ƙwallo ka riga ka ji waɗannan a sunayen Sevilla da Mallorca da Sergio Ramos, in dai mai sharhin ya iya.

Akwai wurare biyu da Bahaushe ya fi Bature sa'a. Na farko v. Ba mu da ita, su ma a furuci ba su da ita, b ce. Vuelta Abajo, yankin da ke lardin Pinar del Río a yammacin Kyuba inda ake noman ganyen da ya fi kowanne daraja, BWEL-ta a-BA-ho ake cewa. Vitola, wato siffa da girman siga, bi-TO-la. Volado, ganyen ƙasa mai saurin kama wuta, bo-LA-do. Na biyu r. Bature kan yi shekaru yana fama da rr ta Monterrey, mu kuwa muna da r mai karkarwa a bakinmu tun muna yara. Ka kaɗa ta sosai a rr da kuma farkon kalma, kamar Romeo da robusto, a tsakiyar kalma kuwa bugu ɗaya ya isa.

To amma ga inda namu tarkon yake, kuma shi na fi so ka ba lokaci: p da f. A Hausa ba mu raba su ba, wani ya ce fanka, wani panka, kowa ya gane. A Sifaniyanci haruffa biyu ne daban, kuma manyan sunayen da za ka riƙa kira kullum cike suke da p: Partagás, Padrón, Punch, pirámide, parejo, capa, capote, tripa, cepo. Ka ce wa baƙo Fartagas, sai ya tsaya yana kallonka. Dabarar ita ce ka rufe leɓɓanka ruf kamar za ka ce b, sannan ka sake su ba tare da murya ba. F kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Arturo Fuente FWEN-te ce, ba Huwente ba, ba Puwente ba. Ka tsaya gaban madubi kana cewa Padrón, Fuente, Padrón, Fuente, kana kallon leɓenka. Abin dariya ne, amma yana aiki. Ɗan'uwan wannan tarko shi ne sa wasali tsakanin baƙaƙe, yadda muka mai da bread burodi. Montecristo, da aka fara a 1935, mon-te-KRIS-to ce, ba Kiristo ba. Tripa, ba tiripa ba. Trinidad, ba Tirinidadi ba.

Sai nauyin murya. Hausa da karin sauti take aiki, Sifaniyanci kuwa gaɓa ɗaya ce ake dannawa a kowace kalma, kuma in ka danna inda bai dace ba, ko haruffan sun yi daidai, kunnensu ba ya kamawa. Ƙa'idar gajeriya ce. Kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, gaɓar kusa da ƙarshe ake dannawa. Wadda ta ƙare da wani baƙin, ta ƙarshe, shi ya sa tri-ni-DAD. In ka ga ɗan karan nan a kan wasali, to ya soke komai, nan za ka danna: par-ta-GAS, pa-DRON, bo-LI-bar, pi-RA-mi-de, es-PLEN-di-dos. A lura, a jikin zoben takardar da ke kewaye da siga sukan rubuta da manyan baƙaƙe su bar karan, sai ka riƙe da ka.

Ba kowane suna ne na Sifaniyanci ba, kada ka tilasta musu. H. Upmann wani Bajamushe ma'aikacin banki ne ya kafa ta a Habana a 1844, mutanen Kyuba na cewa A-ce UP-man, domin sunan harafin h a wurinsu "ace" ne. Quai d'Orsay Faransanci ce, ke-dor-SE, sunan wani titi a bakin kogi a Paris. Davidoff daga Geneva take. Punch da Churchill Turanci ne.

Lambobi ma suna cikin suna, kuma mai saye da ya san kaya da su zai tambaye ka. Montecristo No. 2 "numero dos", No. 4 "numero kwatro". Partagás Serie D No. 4 "SE-rye de numero kwatro". Cohiba Siglo VI "SI-glo seis". Ka koyi ɗaya zuwa shida: uno, dos, tres, cuatro, cinco, seis. Cepo, SE-po, shi ne kauri, ana auna shi da kashi 64 na inci. Robusto na Kyuba 50 ne da tsawon milimita 124, Churchill kuma 47 da milimita 178.

Wani abu da zai iya ba ka kunya fiye da lafazi: suna ɗaya, kaya biyu. Bayan juyin juya halin 1959 gwamnati ta karɓe masana'antun, wasu masu su suka bar ƙasar, Amurka kuma ta sa wa Kyuba takunkumi a 1962. Shi ya sa akwai Montecristo da Partagás da Romeo y Julieta na Kyuba, akwai kuma waɗanda ake yi a Jamhuriyar Dominikan don kasuwar Amurka. In Ba'amurke ya kira suna, ka duba ƙasan akwati kafin ka ce masa a-BA-no ce, wato tabar Kyuba.

In wani ya ba ka shawarar ka kwaikwayi maganar mutanen Habana sak, ban goyi baya ba. Su sukan haɗiye s ta ƙarshe da d ta tsakiya, colorado ta koma kolorao, dos ta koma do. A bakinsu daidai ne, a bakinka kuwa baƙo ɗan Jamus ko Lebanon ba zai gane ba. Ka faɗi kowane harafi a fili. Kuma in mai saye ya ce Kohiba, kada ka gyara masa a gaban mutane. Ka miƙa masa akwatin ka ce "ga ko-I-ba ɗinka, ranka ya daɗe", in yana da kunne zai ɗauka.