Tambaya da Amsa: Ɗaukar bidiyon ƙwallon kwando don aika wa jami'o'in Amurka

Tambaya: Malam, ƙanena yana buga ƙwallon kwando a Kano, burinsa ya samu gurbi a ƙungiyar wata jami'a a Amurka. An ce sai ya tura bidiyon wasansa. Waya kawai muke da ita. Za ta wadatar?

Amsa: Za ta wadatar. Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas ya buga wa jami'ar Houston daga 1981 zuwa 1984 a zamanin da babu wayar hannu mai kyamara; yau kuwa bidiyo ne ke fara isa gaban koci kafin ɗan wasa.

Ka kwantar da wayar, kada ka riƙe ta a tsaye. Ka ɗaure ta a kan sanda mai ƙafa uku daidai layin tsakiyar fili, a wuri mai ɗan tudu, yadda rabin fili zai shiga gaba ɗaya. Kada ka matso da hoto ka bi ƙanenka shi kaɗai. Koci yana son ganin inda yake tsayawa idan ƙwallo ba ta hannunsa, da yadda yake komawa tsaron gida.

Ka saita ingancin hoton kyamara a 1080p, kada ka sa 4K. A iPhone, minti ɗaya na 1080p mai hoto 60 a sakan yana cin kusan MB 90, wayoyin Android da yawa kuma sun fi haka ci. Wasa minti 40 ne a agogo, amma da hutu da tsaye-tsaye yakan kai awa ɗaya da rabi, don haka ka tanadi wurin GB 12 a ƙalla. Idan katin memori ne mai tsarin FAT32, ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4, shi ya sa bidiyo ke tsinkewa. Ka riƙa tsayar da ɗauka a ƙarshen kowace kwata. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya na iya katse komai, ka kuma cire mata riga saboda zafi.

Akwai matsalar da kan ba mutane mamaki a filin cikin ɗaki: hoto ya riƙa ƙyaftawa ko ya yi zane-zane. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, kyamara kuma tana ɗaukar hoto 60 ko 30 a sakan, sai su saɓa. Ka mayar da ita 50 ko 25 idan wayar na da shi.

Daga nan ka yanka gajeren bidiyo na minti uku zuwa biyar da manhajar gyara bidiyo ta CapCut, mafi kyawun wasa a farko, da sunansa da tsayinsa da lambar rigarsa a rubuce. Kiɗa ba shi da amfani, zai ma iya jawo ƙorafin haƙƙin mallaka. Ka haɗa da cikakken wasa guda.

Kada ka tura ta WhatsApp, yana matse hoto har lambar riga ta dushe, Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25. Ka ɗora a YouTube, ka zaɓi Unlisted, wato sai mai adireshin bidiyon zai iya ganinsa, ka aika wa koci adireshin ta imel. Bidiyon da ya wuce minti 15 sai ka tabbatar da asusunka da lambar waya. Rajistar hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka kuwa a shafinta na eligibilitycenter.org ake yi kai tsaye. Duk wanda ya nemi ka tura masa kuɗi ya samo gurbi, ka yi nesa da shi.

Tambaya: Ƙarfe nawa ake wasannin jami'o'in a agogonmu, kuma data nawa suke ci?

Amsa: Daga Nuwamba zuwa farkon Maris mun riga gabashin Amurka da awa 6, wato wasan bakwai na yamma a can ɗaya na dare ne a nan. Daga Lahadi ta biyu a Maris tazarar ta koma awa 5. Wasa kan ɗauki kusan awa biyu. A 480p ka ware kimanin GB 1, a 720p ka ninka.